Butar Azurfar da Ta Ƙara Nauyi

A ɗakunan gwanjon tsofaffin kaya na Ingila akwai wani kaya da ba a daɗewa bai fito ba. Buta ce ta azurfa, tsayinta kamar taƙi guda, mai tumbi daga ƙasa, tsukakkiya daga wuya. Tana da murfi mai tudu, da mariƙi lanƙwasasshe, da ɗan bakin tsiyaya a gaba. Jikinta kaf furanni ne da ganyaye da 'ya'yan inabi, sun taso ɓul-ɓul, kusan babu wurin da za ka ɗora ɗan yatsa ba ka taɓa ado ba. In ka kifa ta, za ka ga ƙananan hatimai huɗu a gindinta, waɗanda ke cewa an yi ta a Landan tun zamanin Sarki Joji na Biyu. Baƙo zai ɗauka wannan ce sarauniyar kayan ranar. Amma dillalin da ya san sana'arsa yakan ɗaga ta, ya juya, ya buɗe murfin ya leƙa, ya ajiye ya wuce. In an buga guduma, kuɗinta ba sa kama ƙafar na wata moɗar azurfa sa'arta wadda ba ta da ko ɗigon zane.

Me dillalin ya gani? Mu ɗora ɗaya a kan tebur mu bi ta daki-daki. Siffofin da zan kawo su ne waɗanda aka fi samu a irin wannan kaya, alƙaluman nauyi kuwa na misali ne.

Da hatimai ake farawa, domin su ne shaidun farko. A 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, doka ta ce kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada shi an tabbatar ya kai ma'aunin kuɗin ƙasa, wato kashi 925 cikin 1000 tsantsar azurfa, sannan a buga masa kan damisa. A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri ya sa tasa alamar. A 1478 ƙungiyar maƙeran zinariya da azurfa ta Landan ta kafa ofishin gwaji na dindindin a zaurenta, aka ƙaro harafin da ke canzawa duk shekara, don in an kama kaya mara kyau a san wane ma'aikaci ne ya wuce da shi. A 1544 zaki mai tafiya ya shigo. Gwajin kansa a lokacin ba na ganin ido ba ne. Ana kankaro ɗan ɓurɓushi daga jikin kayan, a auna, a naɗe shi cikin dalma, a narka a wani ɗan kasko na tokar ƙashi wanda ke shanye dalmar tare da duk wani gami, a sake auna abin da ya saura. Kayan da ya gaza, farfasa shi ake yi a mayar wa mai shi.

A gindin butarmu ga kan damisa sanye da kambi, ga zaki yana tafiya ya waigo yana kallon mai kallonsa, ga ƙaramin harafin e, ga kuma haruffa biyu na maƙeri. A da, harafin shekara na Landan yana zagaye ne da haruffa ashirin, daga a zuwa u ban da j, sai a canza salon rubutu a sake farawa. Ƙaramin e irin na ɗab'i ya faɗo a 1740, da 1780, da 1820, da 1900. Sai a yi ta zubarwa. Damisar Landan ta rasa kambinta a 1821, saboda haka 1900 ta fita. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara hatimi na biyar, kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji, tamu kuwa ba ta da shi, to 1820 ma ta fita. Saura biyu, kuma garkuwar da harafin ke ciki ce ke raba gardama: ta 1780 mai sauƙin gefe ce, ta 1740 kuwa gefenta a lanƙwashe yake, mai lungu-lungu. Tamu mai lungu ce. Haruffan maƙerin ma sun goyi baya, domin a 1739 an umarci duk maƙeran Landan su lalata tsofaffin hatimansu su yi rajistar sababbi, kuma littafin rajistar masu manyan kaya na wannan lokaci yana nan a zauren har yau. Da yake a lokacin harafi yana canzawa ne a ƙarshen watan Mayu, hatiman suna cewa an gwada wannan azurfa tsakanin Mayun 1740 da Mayun 1741.

To amma shekarar da ke jikin ƙarfe ba dole ba ne ta zama shekarar aikin. Maƙeranmu na fari sun san haka tun da daɗewa, domin tsabar azurfa mai hoton Mariya Tereza da suka riƙa narkawa suna yin mundaye da zobba kusan duk 1780 ke rubuce a jikinta, ko da an buga ta shekara ɗari bayan haka. Saboda haka zargi na farko shi ne hatiman jabu ne.

Zargin ba na banza ba ne. Laifin ya yi yawan da a 1757 majalisa ta sa hukuncin kisa a kansa, kafin a 1773 a mayar da shi korar mutum zuwa ƙetare na shekara 14. A ƙarshen ƙarni na 19 ma Landan ta ga shari'ar dillali Reuben Lyon da maƙeri Charles Twinam, inda aka bankaɗo ɗaruruwan kaya masu hatiman ƙarya. Sai dai jabu yana da kamanni. Hatimin gaske da ƙarfe mai tauri ake buga shi, bugu ɗaya, don haka ƙasansa sumul yake, gefensa kuma a tsaye. Wanda aka kwafa ta hanyar zubi yakan fito dishi-dishi, da ƙuraje-ƙuraje kamar yashi a cikin ramin. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, hatimanmu tsaf suke. Gashin zakin ya ɗan goge daidai gwargwadon yadda gindin duka ya goge, kuma an watsa hatiman ne kewaye da tsakiya ba bisa layi ba, yadda ma'aikatan zauren suka saba yi a lokacin. Wannan zargi ya faɗi.

Na biyu ya fi shi wayo: hatimai na gaske ne, amma daga jikin wani kaya aka yanko su. Wannan dabara ta yi tashe daidai zamanin butarmu. Daga 1720 zuwa 1758 gwamnati na karɓar harajin sisi a kan kowace oza, kuma a wurin gwaji ake lissafa shi. Sai maƙeri ya kai ɗan ƙaramin faranti a buga masa hatimi, ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, ya dawo ya yanke wurin hatimin ya liƙa a gindin katafaren kaya, tsakanin jiki da ƙafa inda haɗi ba ya nunawa. Har Paul de Lamerie, wanda ake yi wa kallon gwanin gwanayen maƙeran Landan na ƙarnin, an san ya yi haka. Daga baya 'yan damfara suka gaji dabarar, suna yanko hatiman tsofaffin cokula suna dasawa a sabon aiki.

Gwajin wannan ba ya buƙatar na'ura. Hura wa wurin numfashi za ka yi. Abin da ake liƙi da shi ba launinsa ɗaya da jikin azurfar ba, kuma idan tururin baki ya kwanta yana janyewa, layin haɗi yakan bayyana kamar zare. A gindin tamu babu zare. Sai ka leƙa ciki da fitila: bugun hatimi yakan bar ɗan tabo a ɗaya gefen ƙarfen, kuma ga tabo huɗu nan a ciki, kowanne daidai saitin hatiminsa na waje. Da gindin biyu ne aka haɗa, da ba za a gan su ba. A tsakiya kuma ga ɗan ɗigon da maƙeri ya kafa tsinken awonsa ya zana da'ira tun ƙarfen yana faifai. Gindi da jiki abu ɗaya ne, kuma na 1740 ne.

Nan ne lamarin ya ƙara ɗaurewa. Hatimai na gaske, a mazauninsu na gaske, amma masana suna kauce wa kayan. Ke nan abin da ke damunsu ba a gindi yake ba, sai a koma ga jikin.

Dubi mariƙin. Faffaɗa ne daga sama, ya sirance zuwa ƙasa, an yi shi ne don mutum ya zura yatsu huɗu ya ɗaga zuwa bakinsa. A samansa akwai ɗan maɗanni da babban yatsa ke dannawa murfi ya buɗe. A bayan mariƙin an zana haruffa uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa, wato harafin sunan iyali da na miji da na mata, al'adar da aka saba yi wa kyautar aure. A can ƙarshensa kuma akwai wata 'yar huda. Masu sayarwa sun daɗe suna cewa usur ne da mashayi ke busawa a ƙaro masa abin sha. Gaskiyar ta fi wannan daɗi a wurina, domin ta maƙera ce: mariƙin holoƙo ne, daga falle biyu aka haɗa shi, kuma in aka kai shi wuta don liƙa shi a jiki ba tare da mafitar iska ba, iskar da ke ciki za ta kumbura ta fasa haɗin. Duk waɗannan siffofin babbar moɗar shan giyar sha'ir ce mai murfi, wadda Ingilishi ke kira tankad, mai cin kimanin lita guda. Abin sha ne na kai wa baki. Me ya kawo bakin tsiyaya a jikinsa?

Buɗe murfin ka duba bayan bakin daga ciki. An yanke bangon ne aka fitar da gurbi, kuma gefen yankan yana da kaifi-kaifi, bai yi laushin da leɓen moɗar ya yi ba bayan shekaru na gogayya. Waya mai gurbi-gurbi da ta zagaye leɓen ta zo ta katse cak a gefen bakin, ta ci gaba a ɗaya gefen. Maƙerin da ya yi niyyar buta tun farko ba zai zagaya da waya sannan ya sare ta ba. Hura numfashi a nan, sai ga zaren liƙi ya fito sarai, kuma launin bakin ya fi na jikin fari da ƙyalli. Babu hatimi ko ɗaya a kansa.

Sai ma'auni, wanda shi ne shaidar da na fi so. Maƙera da ma'ajin manyan gidaje sukan karce nauyin kaya a gindinsa da tsinin ƙarfe. Ozar azurfa giram 31.1 ce, ana raba ta gida 20. A gefen hatimanmu an karce 27=4, wato oza 27 da kashi 4. Azurfa ba ta ƙiba. Kowace gogewa tana cin wani abu, shi ya sa tsohon kaya kullum yakan gaza nauyinsa na farko da ɗan kaɗan. Tamu da aka ɗora ta, sai ta ba da oza 28 da rabi. Kayan da ya kamata ya rame ya ƙaru da fiye da oza guda, kuma wannan ƙari ba shi da inda zai fito sai bakin nan. In ana son ƙarin tabbaci, ofishin gwaji na Landan yana iya duba gamin ƙarfen: azurfar da tana ɗauke da ɓurɓushin zinariya da dalma da matatun lokacin ba su iya cirewa ba, ta baya kuwa ta fi tsabta. Jiki da baki za su ba da amsa biyu daban.

An gano bakin zaren, amma saura furannin, kuma a nan ake yawan yin gaggawa. Ba za a ce don ado ya yi yawa ba na 1740 ba ne, domin a daidai shekarun nan ne salon rokoko, mai kwalliyar ganye da bawon kifin teku, ya cika Landan, ana yi wa butocin shayi da na gahawa. Ma'auni ma ba zai taimaka ba, saboda irin wannan ado ba ya cire ƙarfe. Ana tura bangon ne daga ciki da wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa, wanda ake dukan gindinsa kansa yana rawa yana bugun cikin, har tudu ya taso. Sannan a cika kayan da baƙin danƙo mai kama da kwalta don ya tallafi bangon, a bi ta waje da ƙananan tsinkunan ƙarfe da 'yar guduma ana fitar da jijiyar kowane ganye. Nauyi yana nan yadda yake.

Murfin ne ya tona asiri. Da yake ana iya musanya murfi, zauren yakan buga masa nasa hatiman a ciki. Ga su nan kuwa, e ɗin nan da damisar nan, amma zakin ya miƙe ya karkace, bayansa ya hau gangaren wani fure da aka turo, rabin harafin kuma ya nutse cikin jijiyar ganye. Mai adon da ke aiki a shagon da aka ƙera kayan yakan tsara zanensa ya kauce wa hatimi, don hatimin ne ke sayar da kayan. Wanda ya bi ta kan wannan bai damu da su ba. Sannan dubi furannin kansu: gefensu garau, ba su goge ba, alhali haruffa ukun da ke mariƙi sun kusa shafewa. Ba za a ce hannu ya cinye mariƙi ya bar tudun fure ba. Ganyen inabin kuma ya zarce daga jiki ya hau kan bakin tsiyaya babu katsewa, wato hannu ɗaya ne ya yi su, bayan an liƙa bakin. A gaba akwai wani fili da aka bari fayau a tsakiyar ado. Danna shi da babban yatsa, za ka ji ya ɗan lotsa. A nan tambarin iyalin farko yake, an goge shi da magagari har bangon ya yi siriri.

Yanzu labarin ya haɗu. A 1740 wani shago a Landan ya ƙera moɗa mai murfi, sumul, ba ta da ado sai tambarin mai ita. Bayan shekara ɗari ko fiye, zamanin Sarauniya Biktoriya, ta faɗa hannun wasu da ba su da abin yi da ita. Masu hali sun koma shan abin shansu a gilashi, babbar moɗa ta zama kayan kakanni. Idon zamanin kuma ya koma son ado mai cika ido, irin wanda aka baje a babban baje kolin Landan na 1851, inda fili mara zane yake kamar aikin da ba a gama ba. Tsohuwar azurfa tana da araha a lokacin, kusan kuɗin nauyinta. Sai aka kai ta shago, aka goge tambari, aka tsaga bango aka sa baki, aka cika ta da furanni, ta koma butar ruwa ko ta zuba abin sha a tebur. Da yawa irinta an ba da su kyautar gasar noma ko ta tseren dawaki, da sabon rubutu a filin nan na gaba.

Ba na raina mai adon. Wanda zai tura bangon da ya shekara ɗari ba tare da ya fasa shi ba, gwani ne. Amma abin da ya rufe ya fi abin da ya kawo wuya, kuma wannan ne dillalin yake jimami. Moɗar nan daga faifan azurfa ta taso. Maƙeri yana ɗora shi a kan ƙarfe mai kai, yana bugu yana juyawa, zagaye bayan zagaye daga tsakiya zuwa gefe, bango yana tashi a hankali. Bugu yana sa azurfa ta yi tauri, in aka ci gaba sai ta tsage, don haka bayan kowane zagaye sai an mayar da ita wuta har ta yi ja-ja, a tsoma, a dawo. Haka za a yi ta yi har tumbi ya fito, wuya ya tsuke. Sannan aikin da ya fi cin rai: bi da guduma mai fuska kamar madubi, bugu kan bugu, kowanne yana hawa rabin na baya, har duk tabon ƙira ya ɓace. A jiki mai sumul babu maɓoya. In hannu ya karkace sau ɗaya, haske zai nuna wurin muddin kayan yana duniya. Irin wannan fatar, bayan shekaru na wanki da taɓawa, takan yi wani launi mai zurfi, toka-toka mai shuɗi-shuɗi, wanda ba a iya yin sa da gangan. Shi aka zuba wa danƙo ta ciki aka bi da tsinke.

Doka ma tana da ta cewa. Tun 1844 aka tsaurara cewa duk ƙarin da aka yi wa kaya mai hatimi sai an kai shi an gwada. Shagunan da suka bi ƙa'ida za ka ga bakin da suka ƙara yana ɗauke da nasa ƙananan hatimai, har da kan Biktoriya, kaya ɗaya da shekaru biyu a jikinsa. Namu ba shi da su. Dokar hatimi ta 1973, wadda ofisoshin Landan da Bamingam da Shafil da Edinbara ke aiki da ita, ta hana a canza kaya mai hatimi ba da izinin ofishin gwaji a rubuce ba, kuma wanda aka canza ta ɓarauniyar hanya ba a yarda a sayar da shi da tsofaffin hatimansa kamar ba abin da ya faru ba. Irin wannan kaya ana tura shi gaban kwamitin tsofaffin kayan azurfa da ƙungiyar maƙeran Landan ta kafa a 1939. Masana su zauna su duba, in sun ga an saɓa, a gyara matsayinsa bisa doka: ko a gwada ƙarin a buga masa hatimi, ko a soke tsofaffin hatiman a buga lambar shari'arsa a jiki.

Wasu masu kaya sukan nemi a mayar da hannun agogo baya, a cire bakin, a toshe gurbin da sabon falle, a daddake furannin su kwanta. Ana yi, kuma daga nesa yakan yi kyau. Sai dai ƙarfen da aka miƙar ba ya komawa yadda yake. Bangon yakan fito da kauri a nan, siriri a can, inuwar ganyen tana nan a ciki ga mai fitila, kuma falle da aka toshe da shi yana nunawa da numfashi ɗaya. Shi ya sa dillalai ke duba cikin moɗa mai sumul da tsanani fiye da yadda suke duba mai ado, musamman bangon da ke fuskantar mariƙi, inda baki yake zama in an taɓa sa shi.